Golan da Ya Tsaya a Gabanmu a Boston

 Mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa, da na Babura har bakin iyaka, da wanda ya rataye rediyonsa a shago da wanda ya jingine ta a gindin bishiya yana hutun noma, duk sannunku da aiki.

Kwanakin baya na shiga wani gidan kallon ƙwallo a cikin garin Kazaure, ana jiran a dawo daga hutun rabin lokaci, sai na jefa wa matasan wurin tambaya. Na ce, ranar da Italiya ta fitar da Najeriya daga gasar cin kofin duniya a 1994, wa ya tsare musu raga? Wani yaro ya yi caraf ya ce Buffon. Na ce haba ɗan samari, Buffon a lokacin shekararsa 16, ko babbar ƙungiyar Parma bai fara buga wa ba. Wani magidanci mai furfura a gemu, wanda daga gani ya kalli wasan, ya ce Pagliuca ne. Na ce Malam ka yi kusa, amma ran nan Pagliuca ɗan kallo ne kamar ni da kai. Aka yi tsit. Kowa a ɗakin ya san Roberto Baggio, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin, don sunan ya zama kamar tabon ƙuna a jikinmu. Amma mutumin da ya tsaya a raga minti 120 muna kai masa hari, ba wanda ya riƙe sunansa.

Sunansa Luca Marchegiani, kuma shi ne abin sharhinmu na yau.

An haife shi a birnin Ancona da ke gaɓar tekun gabashin Italiya, ranar 22 ga Fabrairun 1966. Ya taso a ƙaramar ƙungiyar garin Jesi, ya ɗan taɓa Brescia, sannan a 1988 ya koma Torino. Wanda bai san ƙwallon Italiya ba zai ɗauka birnin Turin na Juventus ne kaɗai. A'a, akwai Torino, masu riga ja mai duhu kamar zoɓo, kuma ƙungiya ce da ke yawo da makoki a zuciya. Ranar 4 ga Mayun 1949 jirgin saman da ya ɗauko 'yan wasanta daga Lisbon ya daki ginin da ke kan tsaunin Superga, mutum 31 suka mutu, har da golansu Valerio Bacigalupo. A lokacin su ne gwanayen ƙasar baki ɗaya. Tun daga ran nan sau ɗaya tak suka sake cin gasar Italiya, a 1976. Ɗanmu na Kaduna, Sadiq Umar, ya taɓa sa wannan riga da aka ba da shi aro daga Roma, haka ma Ola Aina ya yi shekara huɗu a can.

Marchegiani ya shiga Torino da ƙafar hagu, don a kakarsa ta farko ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Amma faɗuwar ta zame masa alheri. A ƙasa aka bar masa ragar, suka ci gasar rukunin a 1990 suka hauro, kuma kafin shekara biyu sun ƙare a matsayi na uku a Seriya A, ƙwallo 20 kacal aka zura musu a wasa 34. Ku tuna wannan zamani ne da Van Basten da Baggio da Batistuta da Careca duk suna Italiya suna farautar raga. A wannan kaka ta 1992 suka fitar da Real Madrid, suka kai wasan ƙarshe na kofin UEFA da Ajax. Aka yi biyu da biyu a Turin, aka tashi ba ci a Amsterdam, Torino ta daki ƙarfen raga har sau uku, kocinsu Emiliano Mondonico ya ɗaga kujera sama don takaicin alƙalin wasa. Ajax ta ɗauki kofi saboda ƙwallayen da ta ci a waje. Ba a doke su ba, amma sun koma gida hannu rabbana.

To a daidai wannan lokaci ne sabon kocin Italiya, Arrigo Sacchi, ya ajiye Walter Zenga, golan da ya tsare musu raga a kofin duniya na 1990, ya fara gwada sababbin hannu. Marchegiani ya samu shiga gaba. Sai ƙaddara ta zo masa ta inda bai zata ba, ta hanyar wata doka.

Matasa, ku saurara da kyau, don ku ba ku ga ƙwallo kafin wannan doka ba. A da, in ɗan baya ya ji an matsa masa, sai kawai ya tura wa golansa ƙwallo, gola ya sunkuya ya ɗauka da hannu, ya rungume, ya dunguri ƙasa da ita sau biyu, ya mirgina wa ɗan bayan, shi kuma ya sake dawo masa da ita. Ƙungiyar da ke gaba da ci ɗaya sai ta cinye minti goma tana wannan wasan yara. Kofin duniya na 1990 ya yi ƙaurin suna wajen wannan ɓata lokaci, shi ya sa a 1992 masu dokokin ƙwallo suka ce daga yau in abokin wasanka ya turo maka da ƙafa da gangan, hannunka haramun. Ka yi da ƙafa kamar kowa. Yau kuna ganin Ederson da Neuer suna raba ƙwallo kamar 'yan tsakiya, kuna ɗauka haka aka halicci gola. Waɗanda suka koyi sana'ar kafin 1992 ba wanda ya taɓa tambayar su me ƙafarsu ta iya, in ban da dogon bugu. Kamar a ce wa tela mai keken ƙafa, bayan shekara ashirin yana ɗinki, gobe da safe ya koma saƙa.

A watan Oktoban 1992, a birnin Cagliari, Italiya ta karɓi Suwizalan a wasan neman gurbin zuwa Amurka. Kafin a yi minti 25 an zura wa Marchegiani biyu. Ta biyun ita ce ta kashe shi: aka dawo masa da ƙwallo, hannu ba dama, ya tsaya zai gyara ta da ƙafa, Stéphane Chapuisat ya ƙwace ya jefa a raga. Baggio da Eranio suka farke a ƙarshen wasa aka tashi biyu da biyu, amma aikin gama ya gama. Sannu a hankali riga mai lamba ɗaya ta koma hannun Gianluca Pagliuca na Sampdoria. Ɗan gaba zai ɓarar da ƙwallo biyar, ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola zai tare biyar, ɗaya ta kufce, ita za a riƙa yi masa gori da ita har a wurin ɗaurin aurensa.

Ni na san wannan ciwo, don na ɗanɗana. Muna yara a unguwarmu, in an zo rabon 'yan wasa, manya biyu su tsaya su yi ta zaɓa, wanda ya rage a ƙarshe shi ne gola. Ni ne nake ragewa, saboda ba ni da gudu. Raga kuwa takalma ne guda biyu ko duwatsu, ba ƙarfen sama, don haka duk ƙwallon da ta bi ta saman kaina sai an yi musu: su ce ci ne, in ce ta yi sama, wanda ya fi ƙarfi shi ke da gaskiya. Ga ƙasarmu ta Kazaure da Roni ba ta san wasa ba, tsakuwa ce da tsidau. Ka yi tsalle ka faɗi sau ɗaya, gwiwar hannunka ta saɓule, ka je gida a ƙara maka da faɗan yaga wando. In an ci mu, ba mai tuna ɗan bayan da ya tsaya kallo. Kai gola, me kake yi? Shi ke nan.

Mu koma Italiya. Kafin ya bar Torino, Marchegiani ya ci kofin ƙalubale na ƙasar a 1993, a wani wasan ƙarshe mai ban mamaki da Roma. Torino ta ci uku ba ko ɗaya a gida, ta je Roma aka lallasa ta biyar da biyu, uku daga ciki fanareti ne, kuma duka ukun kyaftin ɗin Roma Giuseppe Giannini ne ya buga masa su. Jimilla biyar da biyar, wannan karon dokar cin waje ta yi wa Torino rana. Ku riƙe sunan Giannini, za mu dawo kansa. A lokacin kuɗi sun yi wa Torino ƙaranci, tana ta sayar da zaratanta, don ko a 1992 ta sayar wa Milan da Gianluigi Lentini a kan farashin da duniya ba ta taɓa ji ba. Marchegiani ma aka sallama shi ga Lazio ta birnin Roma, inda attajiri Sergio Cragnotti ke zuba kuɗi kamar ba gobe. Kocin da ya tarar a can shi ne Dino Zoff, golan da ya ɗaga wa Italiya kofin duniya a 1982 yana da shekara 40. In Zoff ya amince da hannunka, ai ba sauran mai yi maka jarrabawa. A watan Maris na 1994 aka yi karon gida tsakanin Lazio da Roma, Lazio na gaba da ci ɗaya na Signori, aka ba Roma fanareti, Giannini ya ajiye ƙwallo. Marchegiani ya tare. Bashi uku, ya biya ɗaya, amma ya biya a ranar da ta fi kowace zafi.

Haka ya tafi Amurka da riga mai lamba 12, ɗan benci. Golan benci shi ne mutumin da ya fi kowa zaman jira a duniyar ƙwallo. Ɗan gaba na benci ya san ko ba komai za a ba shi minti goma. Gola kuwa sai in wani ya ji ciwo ko ya yi laifi, ga shi ba ya halatta ka yi wa ɗan'uwanka fatan ko ɗaya.

Italiya ta sha kashi a hannun Ayalan a wasan farko. A na biyu, ranar 23 ga Yuni da Nowe, minti 21 da farawa, Pagliuca ya fito wajen da'irarsa ya tare ƙwallo da hannu, aka ɗaga masa jan kati. Shi ne gola na farko da aka taɓa kora a tarihin gasar kofin duniya. Dole a fitar da mutum ɗaya don gola ya shigo, kuma Sacchi ya duba filin nan kaf, ya nuna Roberto Baggio, gwarzon ɗan wasan duniya na lokacin. Kyamara ta kama Baggio yana fita yana gunaguni, alamar kocin nan ya taɓu. Ku dubi nauyin da aka ɗora wa Marchegiani: ka shigo a sanyaye, ƙasarka na bakin fita daga gasa, ku goma ne, kuma don kai aka cire tauraron ƙasa. Bai bari an ci shi ba. Dino Baggio ya sa ƙwallo da ka, suka tsira da ɗaya ba ko ɗaya. Aka dakatar da Pagliuca wasa biyu. Suka yi kunnen doki da Meziko, suka lallaɓa suka fito a matsayi na uku a rukuninsu, da ƙyar da jiɓin goshi.

Mu kuwa a saman rukuninmu muka fito. Mun ci Bulgeriya uku, Ajantina ta ci mu biyu da ɗaya, mun ci Girka biyu. Zuwanmu na farko ke nan, kuma watanni kaɗan kafin nan mun ɗauko kofin Afirka a Tunis.

Ranar Talata 5 ga Yulin 1994, filin Foxboro kusa da Boston. A can tsakar rana ce, a nan kuwa yamma ta yi, manoma sun dawo daga gona. Jihar Jigawa ba ta cika shekara uku ba. A unguwarmu gida ɗaya ne mai talabijin da ake iya dogara da ita, baƙi da fari, an jona ta da batirin mota, an ɗora a kan turmi a ƙofar gida. Manya a kan tabarma da benci, mu samari a tsaye a baya, yara a gaba suna cin ƙura. Wani yana riƙe da sandar eriya, in hoto ya fara yayyafi a yi masa tsawa ya juya.

Wajen minti 25 Finidi George ya bugo kwana, ƙwallo ta daki Paolo Maldini ta faɗo gaban Emmanuel Amunike, ya ɗaga ta ta wuce Marchegiani. Jama'a, ban taɓa jin ihu irin na ran nan ba. Har matan cikin gida suka leƙo suna tambaya ko lafiya. Hutun rabin lokaci ya zo daidai da magariba, aka yi salla, kuma ina kyautata zaton liman bai ja dogayen surori ba.

Sai dai mun yi asarar mutum biyu. Daniel Amokachi, ɗan Kaduna da ya taso a Ranchers Bees, ya ji ciwo ya fita, Amunike ma daga baya ya bi shi. Rashidi Yekini ya zama shi kaɗai a gaba kamar maraya. Muka koma baya muna gadin ci ɗaya, Okocha na ta wasa da ƙwallo muna tafi. Saura kamar kwata a tashi, alƙalin wasa ɗan Meziko ya ba Gianfranco Zola jan kati, minti kaɗan da shigowarsa, kuma a ranar da ya cika shekara 28 da haihuwa. Gaskiya ko mu da muke murna mun san katin ya yi tsauri. Suka koma su goma. Wani dattijo a gefena ya fara lissafin wanda za mu haɗu da shi a zagaye na gaba.

Saura minti biyu. Roberto Mussi, tsohon abokin wasan Marchegiani a Torino, ya kutsa ta dama ya miƙa wa Baggio, shi kuma ya shimfiɗa ta a ƙasa can kusurwar da hannun Peter Rufai bai kai ba. A ƙarin lokaci Eguavoen ya ture Benarrivo a cikin da'ira, Baggio ya buga fanareti ta daki ƙarfe ta shiga. Yekini ya samu dama ɗaya a bakin raga, aka share ta kafin ta tsallaka layi. Aka tashi. Mai gidan ya zare wayar batir bai ce wa kowa uffan ba, muka watse a cikin duhu, tuwon dare da yawa ya kwana a kwano.

Abin da ya sa ba ku tuna Marchegiani ba shi ne ba mu ba shi aikin da za a tuna shi da shi ba. Bayan cin Amunike mun fi awa ɗaya ba mu gwada hannunsa yadda ya kamata ba, alhali mutum ne da aka san ƙafarsa na rawa in an matsa masa. Da kocinmu Westerhof ya sa an riƙa bin sa a guje duk lokacin da aka dawo masa da ƙwallo, wa ya sani? Wannan ra'ayina ne, kuma shekara talatin ke nan ina riƙe da shi.

Ladan da ya samu kuwa, da wa'adin Pagliuca ya cika, Sacchi ya mayar da shi raga a wasan Sifaniya, Marchegiani ya koma benci. Daga nan ya kalli wasan ƙarshe da Brazil, ya kalli Baggio ya ɗaga fanareti sama. Duk rayuwarsa wasa 9 ya buga wa Italiya, uku daga ciki a wannan gasa.

A Lazio ne ya ci moriyar haƙurinsa, ko da yake nan ma sai da ya sha ɗaci. Ranar 6 ga Mayun 1998, a wasan ƙarshe na kofin UEFA a Faris, Lazio ta gamu da Inter. Golan Inter a ran nan? Pagliuca. Ɗanmu Taribo West na cikin 'yan bayan Inter, har ya samu jan kati kafin a tashi. Inter ta ci uku, kuma ta ukun ita ce wadda har yau matasa ke tura wa juna a waya: Ronaldo na Brazil ya taho shi kaɗai, ya karkaɗa jiki hagu da dama bai ko taɓa ƙwallon ba, gola ya zube, ya kewaye shi ya tura a raga. Da yawanku kun kalli wannan hoto sau ɗari. To golan da ke ƙasa Marchegiani ne. Ni dai ban ga abin kunya a ciki ba, don Ronaldon 1998 ko ƙofar gari aka rufe masa sai ya wuce.

Amma a wannan shekarar suka ci kofin ƙalubale na Italiya a hannun Milan, babban kofinsu na farko tun 1974. A 1999, ƙarƙashin Sven-Göran Eriksson, suka doke Mallorca biyu da ɗaya a filin Villa Park na Ingila, suka ɗauki kofin zakarun kofuna na Turai, wanda daga shi aka rufe gasar. A watan Agusta suka ci Manchester United ɗaya ba ko ɗaya a Monako, United ɗin da ta haɗa kofi uku a shekarar. Magoya bayan United na Babura, ku yi haƙuri, tarihi ne. Sai kuma 14 ga Mayun 2000. Lazio ta gama wasanta, ta ci Reggina uku, amma Juventus na gabanta da maki biyu kafin ranar, kuma tana wasa a Perugia. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, alƙali Pierluigi Collina ya tsayar da wasa fiye da awa ɗaya, yana fitowa da lema yana jefa ƙwallo a ƙasa ya ga ko za ta yi tsalle. Magoya bayan Lazio suka ƙi barin filinsu a Roma, kowa ya manna rediyo a kunne, kamar yadda kuke yi yanzu. Aka koma wasa, Alessandro Calori ya ci Juventus. Lazio ta zama zakara karo na biyu a tarihinta, da Nesta da Nedved da Veron da Salas da Simeone.

Kuma ba a gama shagali ba, ƙungiyar ta sayo Angelo Peruzzi daga Inter. Marchegiani, yana da shekara 34, ya sake komawa benci, wannan karon a gidan da ya yi shekara bakwai yana tsarewa. Ya zauna shekara uku bai tayar da ƙura ba. 'Yan Italiya suna yi masa laƙabi da wata sarauta ta Turawa, saboda natsuwarsa da iya maganarsa, kamar dai mu ce wa mutum Yarima.

A 2003 ya koma Chievo, ƙungiyar wata 'yar unguwa a gefen birnin Verona. Maƙwabtansu na Hellas Verona sun daɗe suna yi musu ba'a cewa sai ranar da jakuna suka tashi sama sannan za su haɗu a Seriya A. Da Chievo ta hau a 2001, sai magoya bayanta suka karɓi sunan, suka zama jakuna masu tashi. Nan ya yi kaka biyu yana kama musu, ya ajiye safar hannu a 2005 yana da shekara 39, bayan wasa sama da 400 a babbar gasar Italiya. A shekarar da ya tafi Victor Obinna ɗan Jos ya iso ƙungiyar. Chievo ɗin ma bashin haraji ya ci ta, an cire ta daga gasar ƙwararru a 2021. Marchegiani kuwa ya koma sharhin wasa a talabijin, ɗansa Gabriele ma gola ya zama.

Wanda ya tsaya a ɗaya ragar ran nan a Boston, Peter Rufai, Dodo Mayana, ya rasu ranar 3 ga Yulin 2025 yana da shekara 61, saura kwana biyu wasan ya cika shekara 31. Shi ma ya yi yawon ƙungiyoyi, daga Stationery Stores ta Legas zuwa Jamhuriyar Benin, Beljiyam, Holan, Fotugal, har Deportivo La Coruña ta Sifaniya, inda shi ma ya san ɗumin benci.

Jiya da la'asar na bi ta wani filin makarantar firamare a hanyar Roni, na tarar da yara suna rabon 'yan wasa. Na rage gudun babur na tsaya. Aka zaɓa aka zaɓa, aka bar wani ɗan siriri mai rigar Barcelona da ta kai masa gwiwa. Ba wanda ya ce masa komai. Ya cire silifas ɗinsa, ya auna taku shida, ya ajiye ɗaya nan ɗaya can, ya tofa yawu a tafin hannu ya murza, ya tsaya.